Sharhi kan akwatin madubi na motsa hannu bayan shanyewar ɓarin jiki

Akwatin da na yi aiki da shi irin mai naɗewa ne, na yadi mai kauri, gefe ɗaya an manna masa madubin roba. Idan aka buɗe shi yana tsayawa kamar ƙaramar rumfa a kan tebur. Mara lafiya zai zura hannun da ya shanye a ciki ya ɓoye, ya ajiye mai lafiyar a gaban madubi, ya riƙa motsa shi yana kallon hoton. Ido sai ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa hannun da ya mutu ne ke motsi, wannan kuma yana zaburar da sashen da ke tsara motsin wancan hannun.

Dabarar ta samo asali daga V. S. Ramachandran na Jami'ar Kaliforniya a San Diyego, wanda ya fara ta a shekarun 1990 kan mutanen da aka yanke wa hannu amma suna jin zafi a gurbinsa. A 1999 aka buga gwajin farko kan masu shanyewar ɓarin jiki a mujallar likitanci ta Lancet. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2018 ta haɗa bincike 62 da mutum kusan dubu biyu, ta sami cewa tana inganta motsi da ayyukan yau da kullum. A matsakaici, minti 30 ake yi a rana, kwana biyar a mako, tsawon mako huɗu, kuma ƙari ne a kan gashin ƙashin da aka saba.

Akwatin ba shi da nauyi, yana shiga jaka, ba ya fashewa idan ya faɗi. A gidan da ke da yara wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma madubin roba yana da aibi babba: yana lanƙwashewa, musamman idan an bar shi cikin zafi ko an danne shi da kaya. Da zarar ya ɗan karkace, yatsu sai su fito dogaye ko a murɗe, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙi yarda cewa hannunta ne. Daga nan aikin ya tashi a banza. Yana kuma saurin karcewa, don haka da tsumma mai laushi kawai za a goge shi. Sannan ya yi ƙanƙanta: ya ishi yatsu da wuyan hannu, amma bai kai gwiwar hannu ba. A ganina madubin gilashi mai santimita 40 zuwa 50 a tsawo, wanda kafinta ya yi wa ƙafar katako kuma aka goge bakinsa, ya fi shi fito da hoto na gaskiya.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne shiri. Madubin ya tsaya a miƙe daidai tsakiyar ƙirji, hannayen biyu su yi nisa ɗaya da shi, su kwanta iri ɗaya. A cire zobe, agogo da awarwaro daga hannu mai lafiya. Idan akwai lalle ko tabo a hannu ɗaya kaɗai, shi ma yana rage ruɗin idon da ake so a samu. Hannun da ya shanye a kwantar da shi tun daga gwiwa, da ɗan tawul a ƙasa, domin kafaɗar da ta saki tana iya zamewa idan aka bar hannun yana reto. A kashe talabijin, masu gaisuwa su ɗan dakata.

Minti biyu na farko kallo kawai ake yi, har sai mutum ya ji kamar hannun cikin madubin nasa ne. Sai a fara: buɗe tafi da dunƙulewa, ɗaga wuyan hannu, kife tafi da juyo shi, taɓa kowane yatsa da babban yatsa. Kowanne sau 10 zuwa 15, a hankali sosai. Sauri yana karya ruɗin. Daga baya a kawo kofi, cokali ko carbi. Wanda hannunsa ke iya ɗan motsi, ya gwada bin motsin a cikin akwati ba tare da yunƙuri ba. Idan yatsun suka fara ƙanƙamewa ko kafaɗa ta ɗage, ya wuce gona da iri, ya bar mai lafiyar kaɗai ya yi. Masu saurin gajiya su raba lokacin gida biyu ko uku.

Ido kuma kan madubi zai tsaya. Da yawa sukan koma kallon hannu mai lafiya ba su sani ba, shi ya sa nake so wani ya zauna gefe yana lura.

Ba kowa ya dace da shi ba. Wanda bai iya zama da kansa, ko gani ya taɓu sosai, ko bai iya bin umarni mai sauƙi, ko ya manta da ɓarin da ya shanye har bai iya juya kai can, sai likitan gashin ƙashi ya duba shi tukuna. Wasu kan ji jiri, tashin zuciya ko gumi, wasu ma kuka suke yi da suka ga hannun kamar ya dawo. Idan haka ta faru a daina kallo, a huta, a sake da minti biyar washegari.

Wanda zai saya, ya ɗora tafinsa a gaban madubin tun a shago, ya matsar da shi daga wannan gefe zuwa wancan. Idan siffar yatsun ta canza a ko'ina, ya nemi wani.