Wane fim ɗin kotu ya cancanci kuɗinka a shagon turi?

In ka shiga shagon masu tura fina-finai a Gusau, ko a Tudun Wada ko wajen Tsohuwar Kasuwa, ka ce fim ɗin kotu kake so, yaron shago zai buɗe maka kala huɗu: na Amurka, na Indiya, na Kudancin Najeriya, da namu na Hausa. Kowanne akwai lauya mai baki, akwai wanda aka zalunta. Amma in kana so ne ka gane yadda shari'a ke tafiya, ko kana shirin karatun lauya, ko kana da ɗan'uwa a tsare, to ba ɗaya suke ba. Na Indiya nake zaɓa, kuma ba kowane na Indiya ba, mai tafiyar hawainiya wanda yara ke cewa ba ya da faɗa.

Dalilin yana cikin asalin dokar. Kundin Penal Code, wato dokar laifuka, da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 an ɗauko shi ne daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Shi ya sa laifukan da kake ji a fim ɗinsu suke kama da namu: sashe na 302 da alƙalin Indiya ke ambata kan kisa, ɗan'uwan sashe na 221 ne a tsohon kundin Arewa. Indiya ta sauya kundinta a watan Yulin 2024, amma yawancin fina-finan da ke shago a kan tsohon aka gina su. Sannan kamar mu, alƙali ne ke sauraron shaidu, shi ke yanke hukunci. Babu juri, wato 'yan gari goma sha biyu da ake tarawa su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba.

Nan ne na Amurka ya faɗi. Rabin ƙarfinsa na kan lauya yana zagaya gaban juri yana taɓa musu zuciya, abin da ba shi da gurbi a Babbar Kotun Jiha da ke Gusau. Ko 12 Angry Men na 1957 da ake ta yabo, akwai rami a tsakiyarsa: ɗaya daga cikin juri ya je unguwar da aka yi kisan, ya sayo wuƙa irin wadda aka gabatar, ya shigo da ita ɗakin shawara. A kotun gaske wannan kaɗai ya isa a rushe zaman. Kalle shi don iya tsara magana, kada ka ɗauki doka a ciki. Na Kudu kuwa hular gashi da baƙar riga sun yi daidai, sai dai sau da yawa za ka ga an saka wa lauya su a gaban majistare, inda kwat kawai ake sawa.

Kafin ka biya, ka ce a ja maka fim ɗin zuwa zaman kotu na ƙarshe, ka duba yadda aka warware rikicin. In shaida ne ya faɗo daga sama ana gab da yanke hukunci, ƙofa ta buɗe kowa ya waiga, bar shi. A shari'ar babban laifi a Babbar Kotu, mai gabatar da ƙara yana miƙa wa ɓangaren wanda ake tuhuma sunayen shaidu da taƙaitaccen abin da za su faɗa tun kafin a fara. In yana son ƙara wani, sai ya shigar da sanarwa, ɗaya ɓangaren ya sami lokacin shiri. In kuma bidiyo ne lauya ya zaro daga aljihu ya kunna, alƙali ya girgiza kai ya saki mutum, shi ma bar shi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 yana neman a yi wa kotu bayanin na'urar da ta samar da abin, da cewa lafiyarta lau lokacin da ta yi aikin, galibi ta hanyar takardar shaida mai sa hannu. Indiya na da irin wannan sharaɗi, sashe na 65B a tsohuwar dokarsu. Fim ɗin da ya nuna lauyoyi suna jayayya kan wannan takarda, marubucinsa ya zauna a kotu.

Ramin da ya fi ɓata min rai shi ne mai laifi ya fashe da kuka a akwatin shaida ya ce shi ya yi. Wannan ya koya wa mutane cewa gaskiya tana fitowa da kanta in lauya ya ɗaga murya. Inda ake fafatawar gaske shi ne kan takardar da aka rubuta a ofishin 'yan sanda. Wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi ya sa hannu, sai kotu ta tsayar da babbar shari'ar ta buɗe ƙarama a cikinta, a kira ɗan sandan da ya rubuta bayanin, a titsiye shi da tambayoyi: ƙarfe nawa, a wane ɗaki, wa ke wurin, da wane harshe aka yi magana, wa ya fassara. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da cewa ba da tursasawa aka samu ikirarin ba.

Fim biyu na Indiya sun tsallake wannan gwaji. Jai Bhim na 2021, da harshen Tamil, an gina shi kan shari'ar gaske ta 1993 da lauya K. Chandru ya yi, wanda daga baya ya zama alƙalin Babbar Kotun Madras. Mata ce ke neman a fito mata da mijinta da ya ɓace a hannun 'yan sanda. Abin da ya sa nake fifita shi, lauyan ba da ihu ya ci nasara ba. Littafin ofishin 'yan sanda ya bi, da lokutan da aka rubuta, da kiran waya, har ƙaryar ta ci karo da kanta. Wannan hanya ta neman a fito da wanda aka tsare muna da irinta: sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko wa'adin da kotu ta ga ya dace, sashe na 46 kuma ya ba da damar zuwa Babbar Kotu in an tauye haƙƙin. Yana da nasa ƙarin gishirin, lauya ɗaya yana aikin mai bincike da na ɗan jarida, amma ƙashin bayansa daidai ne. Na biyun, Court na 2014, da harshen Marathi, ya fi shi gaskiya, ya kuma fi shi wuyar kallo. Ana kiran ƙara, shaida bai zo ba, a ɗage. A dawo, a karanta doguwar takarda da murya ɗaya, a sake ɗagewa. Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotu tun safe don a ba shi wata rana zai gane wurin.

Namu na Hausa a nan ya kamata su yi zarra, don su kaɗai za su iya nuna Kotun Shari'a, wadda a Zamfara take sauraron har da laifuka tun Janairun 2000. Sai dai mafi yawansu minti uku suke ba ta: alƙali ya ji ɓangare ɗaya, ya yi faɗa, ya raba aure. Ba a tambayi wa ke da'awa ba, balle a ce hujja na kansa, rantsuwa na kan wanda ya musa. Ba a ba wanda ake ƙara damar sukar shaidu ba. Ba a yi i'izari ba, wato alƙali ya tambayi mutum ko yana da sauran magana ko hujja kafin hukunci, alhali rashinsa na sa kotun sama ta soke hukuncin ɗungurungum. In ka dace da wanda ya nuna waɗannan, saye shi daga hannun masu shi, sun cancanci kuɗinsu.

Yanzu ga inda ake cutar mai saye. Fim ɗin kotu magana ce zalla, kuma ita ake fara yankewa don fayil ya yi ƙarami. Jai Bhim minti 164 ne, Court minti 116. In ka ga an ba ka na farkon a awa biyu, an cire sama da minti arba'in, kuma ba waƙa aka cire ba, tambayoyin shaidu ne. Daga nan ake samun musun da ake yi a majalisa cewa labarin bai haɗu ba, alhali almakashin mai turi ne. Duba tsawon fayil kafin a tura. In mai fassarar Hausa ne, saurari minti biyar na zaman kotu: in mai fassara yana cusa barkwanci a bakin alƙali, ko lauya ya yi dogon bayani shi ya taƙaita da jimla ɗaya, nemi mai rubutun fassara a ƙasa. Ka kuma ƙi wanda aka ɗauka da kyamara a sinima, za ka gane shi da amsa-kuwwar murya da hoton da ya karkace.

Memori ma akwai na jabu. A rubuce gig 64, waya ma ta nuna 64, amma cikinsa bai wuce 8 ba. Yana karɓar fina-finai ba musu, sai ka je gida wasu su ƙi buɗewa. A cika shi ya wuce gig goma a gabanka, sannan ka buɗe na farko da na ƙarshe, ka ja kowanne zuwa tsakiya da ƙarshe. Mai kwamfuta zai iya gwada shi da manhajar H2testw.

Cutar da ta fi wannan tana bakin kotu. Akwai masu saka kwat suna zuba irin kalaman fim, su karɓi kuɗin iyalin wanda ke tsare da alkawarin za su fito da shi a zama ɗaya. Lauyan gaske ba ya yin wannan alkawari, don ko bayan an rufe jawabai, sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki ya ba alƙali har kwana 90 ya rubuta hukunci. Nemi lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, ka duba hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai ɗauke da sunansa a kan takardar da ya shigar, ka karɓi rasit na duk abin da aka ce kuɗin kotu ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi magatakardan kotu inda ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a yake.