Akwatin ajiye sigar da na sayo wa kafilina, bayan shekara daya

Ni direba ne a Riyad, shekara shida kenan a gida daya, kuma tun farko bari in fada bana shan taba, ko warinta bana so. Amma kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, yana shan sigar, wannan mai kaurin da ake nadewa da ganyen taba zalla babu takarda, yawanci ta Kuba irin su Montecristo da Cohiba, kuma ajiyarta ni aka dora wa. Bara ya aike ni na sayo akwatin katako mai cin guda 50, murfinsa na gilashi, a wani shago da ba sai na kama suna ba.

Duk wanda ya taba ganin huhun goro ya gama gane zancen. Goro in ya bushe ya tashi daga aiki, in ruwa ya yi masa yawa ya rube, in kuma aka yi sake sankara ta shige shi. To haka sigar take sak. Danshi take so tsakanin 65 zuwa 72 cikin dari, sanyi kuma kamar digiri 18 zuwa 21, mu kuwa nan Riyad da zafi iska a bushe take kamas, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya daki, yana kara tsotse dan abin da ya rage.

Cikin akwatin katakon sida ne, wanda ake ce ma na Sifen, gaskiya nan ban da korafi, kamshinsa mai dadi kuma yana shan danshi ya rika sakinsa a hankali. Inda aka cuce mu shi ne dan agogon auna danshin da ya zo da shi, mai allura. Kullum in na leka yana kan 70 ina ta murna ashe karya yake min, sai ranar da maigida ya dauki guda daya ya dan matsa da yatsa ganyen waje ya tsage kamar busasshiyar rama, ya dube ni bai ce komai ba, wallahi da ma fada ya yi da ya fi min sauki. Daga baya na gwada shi da gishiri, ka zuba gishiri a murfin gora ka diga ruwa kadan ya jika kawai kar ya narke, ka kulle su tare a leda su kwana, in agogon kirki ne 75 zai nuna. Nawa 86 ya nuna. Na cire shi na sa mai lamba na batir.

Soson da ke ciki ma, wanda ake jikawa don ya ba da danshi, na daina amfani da shi, don sai da tataccen ruwa na kemis, ruwan famfo funfuna yake kawowa. Na koma kan 'yan fakitin Boveda, wadanda ke rike danshi a kan lambar da aka rubuta a jikinsu, na kwashe sigar na sa mai 84 akwatin ya yi kwana 14 a rufe katakon ya koshi, sannan na koma mai 69. Tun daga nan na samu barci. Sai dai gefen gilashin nan yana dan shan iska, shi yasa fakitin ke saurin taurarewa, da na sani mai murfin katako zan dauko.

Abu daya da mai shagon bai fada min ba, akwatin baya sanyaya komai. Da suka yi tafiya hutu a watan Yuli aka kashe mukayyif na majalisi, wato falon da akwatin yake, sati uku, muna dawowa na tarar da 'yan huji kamar na kwaron wake a jikin guda hudu da gari gari a kasa, zafi ya kyankyashe kwan kwaron taba. Hudun nan shara, ga tsada tunda aka sa harajin kashi 100 kan taba a 2017. Sauran na daure a leda, kwana daya a firij, uku a firiza, daya kuma a firij, suka tsira.

Batun tsufa kuwa, sababbi suna zuwa da wani wari mai hawa hanci, bayan wata shida zuwa shekara sai ya kwanta, maigida yace dandanon ma ya yi laushi, wannan shi ya sani. Akwatin dai in don ado a falo ne ba laifi. Amma rarar da na zuba a robar abinci mai murfin matsewa da fakiti daya a ciki, na tura kasan kabad, har yau lambarta bata motsa daga 69 ba, kuma riyal 15 na saye ta.