Firigon rigakafi mai aiki da hasken rana a cibiyoyin lafiya (CSI) na ƙauyukan Tawa: amfaninsa da wahalarsa

Firigon da ake kira SDD ba shi da batir. Wuta na fitowa daga fano, wato allon hasken rana, kai tsaye zuwa injin sanyi, da rana ya daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, ƙanƙarar ta riƙe sanyin har gari ya waye. Wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don ƙasashe masu zafi ana gwada shi a digiri 43, kuma sai ya jure aƙalla kwana 3 na hadari ko hazo. A yankin da Afrilu da Mayu ke gasa mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babu hayaƙin kalanzir, babu jiran tulun gaz daga gari, babu batirin darma da zai mutu a jefar bayan likita yara su fasa.

Sai dai firigon bai isa shi kaɗai ba. Ma'aunin zafi mai suna Fridge-tag 2 da ake sawa ciki shi ne shaidar aikinsa: yana ajiye zafin kwana 30, ya nuna alama idan an wuce digiri 8 har awa 10, ko an sauka ƙasa da -0,5 tsawon minti 60. Wannan ta biyun ta fi ba mu tsoro, domin alluran rigakafin Penta da Td idan suka daskare sun lalace, kuma tambarin VVM mai canza launi na jikin kwalba zafi kawai yake nunawa. Da an ga alamar daskarewa, majo, wato shugaban likitar, ya daskarar da kwalba ɗaya da gangan, ta narke, ya girgiza ta tare da wadda ake zargi. Idan maganin cikinsu ya kwanta da sauri ɗaya, kada a yi wa yaro wadda ake zargin.

Ƙurar hunturu kuwa ita ke rage ƙarfin fano. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. A kafa shi yana kallon kudu, karkatar wajen digiri 15, nesa da inuwar dogon yaro.

Aibin ma'aunin shi ne batirinsa ba ya canzuwa. Bayan kimanin shekara 3 ya zama shara. Ya kamata gundumar lafiya ta riƙa karɓar matattun lokacin da take raba sababbi, maimakon a ƙona su tare da sirinji.