Masauki kyauta, amma mage ce ta riƙe mini agogo

Lissafi ɗaya ne ya sa na biya kuɗin rajistar shekara a shafin nan na masu jiran gida: masu gida su yi tafiyarsu, ni in zauna musu in kula da dabbobinsu, ba su biya ni ba, ni ma ban biya otal ba. Wannan kam ya tabbata. Mako uku na yi a hawa na 14, a birnin da kullum zafinsa ke haura digiri 30, gumi na bin mutum har cikin dare, ga esi, ga wurin ninƙaya a ƙasa, ko sisi ban cire na masauki ba. Da a nan magana ta tsaya, taurari biyar zan danna musu.

Tallan gidan a shafin cewa ya yi maguna biyu, masu hankali, ba sa fita. Sai da matar gidan ta ja akwatinta har bakin ƙofa, mai tasi na jira, sannan ta ce au, ta manta, babbar tana da ciwon suga. Ta buɗe firji ta nuna mini 'yar kwalbar insulin da kwalin sirinji, ta tsunkulo fatar bayan wuyan magen, ta ce a nan ake yi, duk bayan awa 12. Wai ta manta! Na riga na sayi tikiti, na iso, ina zan je?

Allurar ba ta da wuya, kwana biyu hannuna ya saba. Awa 12 ɗin ne ya ɗaure ni. A irin garuruwan nan na kusa da layin ikwaita dare da rana kusan tsawonsu ɗaya duk shekara, sai ya zama allura da fitowar rana, allura da faɗuwarta. Duk wuraren da na tsara zuwa in kwana sun bi ruwa.

Ran kwana na tara aka yi ruwan yamma mai tsawa. Magen ta shige ƙarƙashin gado, ko kallon kwanonta ba ta yi ba. Lokaci ya yi, na jawo ta na yi mata allurar, tunda abin da aka ce mini ke nan. Wajen ƙarfe tara na ga ta fito tana tangaɗi, ƙafafun baya na lanƙwashewa, ta zube gefen kujera jikinta na karkarwa. Wallahi ni ma jikina rawa ya ɗauka. Na kira matar gidan, can wurinsu tsakar dare ne, ba ta ɗaga ba. Na nemi masu shafin, waɗanda ke cika baki cewa suna tare da kai ko da yaushe, sai saƙon na'ura ya ce za a waiwaye ni. An waiwaye ni kuwa, washegari da azahar.

Asibitin dabbobi mai aikin dare na lalubo da kaina. Tambayar farko da likitar ta yi mini a waya ita ce, ta ci abinci kafin allurar? Na ce a'a. Ta ce in lakaci zuma in shafa mata a dasashi, kada in ɗura mata a maƙogwaro, in kawo ta maza. Haka na fita cikin ruwa da keji a cinya, yatsana duk danƙon zuma. Sun sa mata ƙarin ruwa mai suga, ta kwana a can. Likitar ce ta fahimtar da ni cewa insulin sauke sugan jini yake yi, idan ciki babu komai sai ya sauke shi fiye da kima. Magana ce ta minti ɗaya, da an faɗa mini tun farko da ba a kai ga haka ba. Ni ma dai da laifina, da ban tambaya ba.

Da matar gidan ta farka ta yi ta ba ni haƙuri, ta mayar mini da kuɗin asibiti a ranar, daga baya ta rubuta mini yabon da har na ji kunya. Magen kuma tun daga nan a kan ƙafata take barci. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara duba wasu gidajen.

Jiya na leƙa shafin, na tarar an sake saka tallan gidan don hutun gaba. Maguna biyu, masu hankali, ba sa fita. Ko kalma ɗaya babu a kan allura, alhali na rubuta wa masu shafin duk abin da ya faru tun ina can. Taurari biyu na ba su, ɗayan ma albarkacin magen ne.