Makarantar hawan igiyar teku a tsibirin Ngor: sun iya koyar da tsayuwa, sun bar yara ba su san layi ba

Mutanenmu na Garwa da Marwa masu zuwa Dakar, ɗalibai da 'yan kasuwa, sun fara sha'awar wasan nan na hawan igiyar teku a kan allo, kuma kusan kowa tsibirin Ngor ake nuna masa. Na biya wa ɗan yayata da abokinsa kuɗin koyo a ɗaya daga cikin makarantun wurin, har da kwana da abinci da hayar allo. Na daɗe da sanin ruwan nan, don haka ba ganin baƙo nake faɗa ba.

Farkon abin ya burge ni ƙwarai. Ba a ruwan tsibirin suka fara saka su ba. Sun ƙetaro da su a kwalekwale, tafiyar 'yan mintuna, suka kai su bakin tekun Yof inda ƙasa yashi ce. Suka ba su allon soso mai faɗi, tsawon ƙafa takwas, da maɗauri a idon sawun ƙafar baya, da rigar roba, domin daga Janairu zuwa Maris ruwan Dakar sanyi ne da shi, wanda ya saba da Binuwai ba zai jure ba. Mai koyarwar ya san aikinsa. Ya nuna musu inda ƙirji zai zauna, yadda hancin allo zai ɗago kaɗan daga ruwa: ka matsa gaba hanci ya nutse ka kife, ka ja baya allo ya ƙi gudu. Tafin hannu a ƙarƙashin ƙirji, ba riƙe da gefen allo ba, a miƙe lokaci guda ba tare da durƙusawa ba, ido a gaba. Yaran sun tsaya a kan kumfa tun da wuri, har na riga na turo wa wasu a gida lambar wurin.

Sai ga shi tun makon bai ƙare ba an ɗebe su a jirgi zuwa igiyar dama ta Ngor. Duk wanda ya san wurin ya san ba ta sabon shiga ba ce. A kan dutse take karyewa, dutsen kuma cike yake da bushiyar teku, baƙar halittar nan mai dogayen ƙayoyi. Wurin da ake kama igiyar ƙunci ne da shi, kowa a nan yake jira a layi, 'yan gari da Turawa. Ba a ba yaran takalmin roba ba, kuma babu wanda ya zaunar da su minti goma ya gaya musu wa ke da igiya.

Dokar ba ta da wuya. Igiya ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa shi ke da ita. A igiyar dama, idan ka juya ka fuskanci gaɓa, hannun dama za ka tafi, ke nan mai haƙƙi yana hagunka. Kafin ka miƙe ka waiga hagu, in ka ga mutum ya riga ya kama ko yana tuƙi zai kama, ka ja allonka baya ka bar masa. Ba a zagaya mutum ta bayansa a shige gabansa a layi. In za ka koma ciki, ka bi ta gefe inda ruwa ke da zurfi igiya ba ta fashewa, ko da hanyar ta fi nisa. In kuma mai hawa ya taho kanka, ka nufi wajen kumfa ta bayansa ka sha dukan ruwan, kada ka tare masa gaba. Ba a sakin allo. Allo mai ƙafa takwas da maɗauri mai ƙafa takwas, da zarar ka sake shi duk wanda ke cikin kusan mita 5 daga kanka yana cikin haɗari.

Abokin ɗan yayata bai san ko ɗaya ba. Mai koyarwar ma shi ya daka masa tsawa ya ce tuƙa, bai waiga hagu ba shi ma. Wani ɗan garin ya riga ya miƙe tun daga can, yana fito yana kira, yaron ya faɗo masa a gaba. Allon soso ba ya fasa kai, amma fikafikan da ke ƙarƙashinsa sun yanki gefen allon mutumin, ɗaya kuma ya karye. Yaron ya firgita ya yi abin da kowa ke yi a kogi, ya sa ƙafa yana neman ƙasa. A kan dutse kwanciya ake yi a bar ruwa ya ɗauke ka, hannu biyu a kare kai. Tafin ƙafarsa ya fito baƙi ƙirin da ƙaya, ɗigo-ɗigo tun daga dunduniya har yatsu.

Mutumin da aka ɓata wa allo shi ya fara isa wajensa, ya ɗora shi a kan allo ya tura shi gefe. Bai zage shi ba. Sai dai ya yi wa mai koyarwar faɗa, da Wolof, kuma ba sai an fassara ba. A bakin gaɓa wata dattijuwa mai gasa kifi ta kawo ruwan zafi da lemun tsami ta ce a jiƙa ƙafar tukuna. Gaskiyarta, ƙayar nan gautsi ne da ita, in ka ja ta da ƙarfi a bushe karyewa take yi a cikin nama. Sai fata ta yi laushi a bi da allura da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka shiga kusa da gaɓar yatsa asibiti ne maganinsu, a kuma duba allurar tetanus. Makarantar ba ta da ko hantsaki a jirginta.

Ba zan ce duk aikinsu banza ba ne. Abincinsu mai kyau ne, shinkafa da kifi a faranti ɗaya kowa ya ci gabansa, ga shayi zagaye uku kamar a gida, kuma ana tsayawa a yi salla. Ɗan yayata har yanzu cewa yake yi, "Kawu, wallahi mutumin kirki ne, tsautsayi ne kawai." Kirkinsa ban musa ba. Amma ruwan Ngor ba filin wasan baƙi ba ne, wurin cin abincin Lebu ne, masunta tun kaka da kakanni. Idan ka isa layi sallama ake fara yi, ka zauna a gefe ka bar igiya biyu ko uku su wuce, ka gane wa ke bin wa. Kwalekwalen masunci in zai fita ko zai sauka, shi ake ba hanya. A Yof kuma unguwar 'yan ɗariƙar Layen ce, inda hubbaren Limamu Laye yake, ba a shan taba ko giya a wurin, ba a kuma ratsa gari da kayan wanka. Turawan da ke cikin ayarin haka suka biyo titin unguwar da gajeren wando ba riga, suna ɗaukar mata hoto ba izini, ba wanda ya ce musu uffan. Mu ba sai an koya mana sutura ba, amma da su aka gan mu.

Abin da ya ƙara tayar mini da ɓacin ran shi ne lissafin ranar tafiya. A al'adar wasan, wanda ya faɗo wa wani shi ke biyan gyara, na kuma biya wa mutumin da zuciya ɗaya, domin allonsa sai ya bushe kwana biyu ko uku kafin a liƙe shi, duk ba zai shiga ruwa ba. Sai ga makarantar ta rubuto mini kuɗin fiffiken da ya karye, alhali malaminsu ne ya tura yaron, kuma ba a yi maganar ɓarna ba lokacin da nake biya. Sefar da ta rage a hannuna tamu ce ta tsakiyar Afirka, ba sa karɓa, sai da na ƙetara gari na canza, mai canji ya cire nasa.

Wanda zai kai yaro, ya tsayar da magana tun kafin ya ba da kuɗi: Yof kawai har sai yaro ya iya juya allo da tsayar da shi, takalmin roba kafin duk wani ruwa mai dutse, a kuma rubuta wa zai biya in allo ya lalace. Waɗanda na turo wa lambar na sake kiransu na gaya musu haka.