Tubula ko litiyam: wanne zai cika kafin a ɗauke wuta?

Idan ka je Sabon Gari sayen batirin inbata, abin da mai shago zai fara nuna maka shi ne lambar da ke jikin batirin mai nuna girmansa, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa, 200Ah ko 220Ah, sai ya faɗi kuɗi. Da wuya wani ya tambaye ka awa nawa ake ba ku wuta a unguwarku. Ni kuwa a ganina wannan ce tambayar farko, domin batirin da ba ya samun ya cika, komai girmansa, asara ce.

Na koyi wannan da kuɗina. Tubula biyu na saya, ina ƙara musu ruwan batir a kan kari, ina goge kawunansu, amma ba su kai shekara biyu ba suka fara mutuwa tun kafin sallar isha'i. Sai daga baya wani mai gyara ya fahimtar da ni cewa wutar awa uku zuwa huɗu da muke samu ba ta taɓa cika su ba ko sau ɗaya.

Batirin dalma, wato tubula da 'yan uwansa, ba ya son gaggawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ba shi wutar da ta kai kashi 10 cikin 100 na girmansa, wato amfiya 20 ga mai 200Ah. Kuma ba a so ka sha fiye da rabin wutar da ke cikinsa. To ka ɗauka ka sha rabin. Cikin awa uku zai hau zuwa wajen kashi 80, kana kallon fitilar inbata kana murna. Daga nan ne aikin yake. Cajar za ta tsaya a wajen bolt 14.4, wutar da batirin ke karɓa ta riƙa raguwa sannu a hankali, kamar tulu da ya kusa cika ana ɗura masa ruwa da ludayi. Wannan ragowar kaɗai tana cin awa uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Gaba ɗaya ka ƙiyasta awa bakwai ko takwas. Idan kullum ana ɗauke wuta kafin ya kammala, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar da ke ciki, ƙarfinsa na raguwa, kuma idan ya yi nisa ba ya gyaruwa.

Litiyam, musamman wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, halinsa daban. Yana karɓar wuta da ƙarfi ɗaya tun daga farko har ya kusa cika. Yawancinsu suna jure cajin da ya kai rabin girmansu, wato mai 100Ah zai karɓi amfiya 50, ya cika cikin awa biyu da ɗan kai. Kana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, don haka mai 100Ah yana kusan yin aikin tubula mai 200Ah. Abin da ya fi burge ni shi ne bai damu da a katse masa caji ba. Ya kai kashi 60 aka ɗauke wuta, babu abin da zai same shi.

Sai dai kada a ruɗe ka da wannan awa biyun. Saurin yana hannun caja. Ƙananan inbatoci da yawa ba sa ba da fiye da amfiya 15 ko 20, kuma idan ka haɗa litiyam mai 100Ah da irinsu, awa biyar zai yi ko fiye. Kafin ka biya kuɗi, duba takardar inbatarka: amfiya nawa take bayarwa, kuma tana da saitin litiyam? Idan babu, ka sa kuɗin sabuwar inbata cikin lissafi. Haka mai sola ya duba kwantirolarsa, wato na'urar da ke daidaita cajin daga faranti zuwa batir, da yawan farantansa, domin rana mai ƙarfi awa biyar zuwa shida ce a nan arewa, hazon hunturu kuma yana rage ta.

Mai caji da janareta shi ya fi kowa jin bambancin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, barin inji yana ruri awa huɗu don kawai tubula ya ƙarasa kashi 20 na ƙarshe ba ƙaramin ciwo ba ne.

Tubula yana da gurbinsa. Kuɗin farko ya fi sauƙi, masu gyaransa suna ko'ina, kuma wanda ke samun wuta awa goma ko fiye a jere zai ji daɗinsa shekaru. Nauyi ne dai, ɗaya ya haura kilo 50, ga ƙarin ruwa, ga buƙatar ɗaki mai iska saboda iskar gas da yake fitarwa yayin caji.

A ɓangaren litiyam abin tsoro shi ne jabu. Akwai masu cusa tsofaffin ƙwayoyin batir cikin sabon akwati. Nemi a nuna maka bayanan BMS ɗinsa, wato na'urar da ke tsare shi daga cika fiye da kima, a kuma rubuta maka garanti a rasit. Ka ajiye shi a inuwa, domin ba a so a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, kuma ɗakin kwano a watan Afrilu yana kaiwa nan cikin sauƙi.