Garejin da ya sauya wa tsohuwar akori-kurata aksul na baya

Motar da nake magana a kanta Peugeot 504 ce ƙirar akori-kura, wadda mahaifina ya saya a shekarar 1986 yana dakon hatsi da ita, ni kuma na gaje ta tare da rijiyar gidanmu da bashin da ake bin marigayin. Wannan ƙira ta 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, akori-kurarta ta biyo baya a 1979, kuma tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975 babu garin da za ka shiga a Arewa ka rasa makanikin da ya san Fijo. Sai dai makanikan da suka san ta ciki da waje sun tsufa, yaransu kuma sun koma kan motocin Japan, shi ya sa da aksul na baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya yana juya su, ya fara kuka na daɗe ina tambaya kafin a nuna mini wani gareji a bayan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda wani dattijo yake zaune da yara biyar ba sa taɓa komai sai giyar mota da aksul. Ba zan kama sunan wurin ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Ciwon motar iri uku ne. Tana kuka daga baya kamar iskar hunturu da zarar ta wuce kilomita 60 a awa, kukan kuma yana sauya murya idan na ɗaga ƙafa daga totur. Mai yana tsiyaya ta tayar hagu har ya jiƙa birki. Sannan tayoyin baya suna cinyewa ta gefen ciki. Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya sa na tuƙa shi har gadar Ƙofar Nassarawa muka dawo, yana zaune shiru ya karkata kai. Da muka sauka ya sa aka ɗage motar, aka cire tayoyin, ya miƙa zare daga wannan bakin zuwa wancan, ya ce: “Alhaji, kwankon aksul ɗin nan ya lanƙwashe, kuma ba yau ba. Ko na sa maka sabon boris sau goma zai ci shi.” Na san gaskiya ya faɗa, domin motar da aka yi ta don ɗaukar kimanin tan ɗaya ta sha ɗaukar buhu ashirin daga Dawanau. Shawararsa ita ce a nemo wani aksul ɗin na hannu a sauya gaba ɗaya, a warware shi a sake ɗaurawa, maimakon a gasa tsohon da wuta a miƙar da shi kamar yadda wasu suke yi.

A wurin sayen ne na fara ganin amfanin mutumin. Bai tura yaro ba, shi da kansa ya shiga Ƙofar Ruwa da ni, muka bi layin masu kayan Fijo da ’yan gwangwan har rana ta take. Abu na farko da ya koya mini shi ne aksul ɗin 504 ba duka ɗaya ba ne, domin salun da wagon suna zaune ne a kan sifirin mai murɗe, akori-kura kuwa a kan sifirin mai falle-falle take, saboda haka mazauninsu ya bambanta, duk wanda ya sayar maka da na wagon ya ce walda za ta daidaita shi, wahala ya sayar maka. Na biyu shi ne lissafin haƙora. A cikin tulun da ke tsakiyar aksul akwai babban faranti mai haƙora da makanikai ke kira kirawun, da ƙaramin da ke juya shi da suke kira finiyon, kuma yawan haƙoran wannan a kan na wancan shi ke nuna sau nawa farfela, wato sandar da ke kawo juyi daga giya, za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Namu na asali da aka ƙirga haƙora 39 ne a kan 8, wato farfela tana juyawa sau 4.875.

Mun sami wani mai kyawun gani, kwanko a miƙe, babu tsatsa mai yawa, mai kayan kuma yana rantsuwa cewa daga akori-kura aka ciro shi, amma ya ƙi yarda a buɗe kafin a biya. Dattijon bai yi gardama ba. Ya ɗauki alli ya yi wa bakin farfelar alama, ya sa yara biyu suka juya ƙafafun biyu tare sau ɗaya cif, shi kuma yana ƙirga juyin alamar, sai ga shi ta zagaya sau huɗu da ɗan ɗoriya maimakon kusan biyar. Ya ce wani ya taɓa dasa masa cikin wata motar, mai yiwuwa 37 a kan 9, wanda ya kama 4.11. Bambancin a baki kamar ba komai, amma yana nufin ƙarfin da ke isa taya zai ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari, motar za ta yi daɗin gudu ba kaya, ta sha mai kaɗan, amma ranar da aka lafta mata buhuna za ta ci kuloci a kan kowace gada, agogon gudu kuma zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Da ni kaɗai na je, da na biya na ɗauko ina murna. Sai washegari muka dace da wanda lissafinsa ya yi daidai, kuma ya fi na farkon tsada.

Aikin warwarewa da ɗaurawa shi ne abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba, kuma na zauna na kalli mafi yawansa a kan wani benci da man giya ya riga ya rina. An zare shaf biyu na ƙafafun, an fito da kayan tulun, an wanke kowane ƙarfe da kananzir an jera a kan buhu bisa tsarin da aka ciro shi, na hagu daban na dama daban. Boris ɗin ƙafa ba a sare shi da kurfi da guduma ba, an kai shi injin matsi aka fitar, aka kuma shigar da sabo ta haka, abin da ba kowane gareji ke damuwa da shi ba a garin nan, alhali saran kurfi ɗaya a jikin shaf ya isa ya zama mafarin karyewarsa. Na ba da shawarar a haɗa kirawun ɗin tsohon aksul namu, wanda nake ganin bai ci sosai ba, da finiyon ɗin sabon, ya ƙi. Ya nuna mini lambar da aka buga a jikin kowannensu, ya bayyana cewa tun daga masana’anta ake goga su tare har su saba da juna, idan aka raba su aka yi musu auren dole, kuka ba zai ƙare ba.

Daga nan ya shiga saitin haƙora, wanda ya cinye yini guda da rabi. Zurfin da finiyon ke shiga cikin kirawun da wasu siraran zobban ƙarfe ake daidaita shi, waɗanda kaurin wasunsu bai fi na takarda ba. Yana da agogon awo mai allura, tsoho amma yana aiki, ya kafa shi a kan haƙori ɗaya yana girgiza farantin a hankali har ya tsayar da wasan da ke tsakanin haƙoran ƙasa kaɗan da kashi biyu cikin goma na milimita, ya kuma auna a wurare huɗu na zagayen don ya tabbatar farantin bai karkace ba. Bayan haka ya shafa wa wasu haƙora shuɗin fenti, ya juya gaba ya juya baya yana riƙe farantin da tsumma, ya duba inda fentin ya goge. Idan gogewar ta hau can saman haƙori, finiyon bai shiga sosai ba. Idan ta nutse a gindi, ya shige da yawa. Abin da ake nema shi ne ta zauna a tsakiya. Sau huɗu ya warware ya sauya zobban kafin ya gamsu, a na ukun ni kaina na ce masa ai ya yi, ya dube ni ya ce: “Ranka ya daɗe, kai za ka tafi gida, ni za a dawo wa da ita.” Matsin boris ɗin finiyon ne kawai ya auna da hannu ba da na’ura ba, yana juya shi da yatsu biyu yana jin nauyinsa, kuma a nan dole mutum ya dogara da shekarunsa a sana’ar.

Shi ne kuma ya gano dalilin yoyon da ya dame ni shekara biyu, wanda na sauya masa sil, wato robar da ke tare mai, har sau uku a wasu wurare. A saman kwanko akwai wata ’yar ƙaramar kafar shan iska, wadda laka da ƙura suka toshe a tsohon aksul ɗin. Idan man ciki ya yi zafi iska ta kumbura ta rasa mafita, sai ta tura mai ta bakin sil ya zubo a kan birki. Man da ya zuba mai lamba 80W-90 ne na ajin GL-5, wanda aka yi don irin waɗannan haƙora masu gogar juna da ƙarfi, kuma ya sa na sayo shi da kaina a cikin galan mai hatimi, ba na awo a kwalba ba. A nan ya ɗan yi mini tarihin Fijo 404 salun ta da, wadda aksul ɗinta tsutsar ƙarfe ce, wato sanda mai murɗaɗɗen zare, ke juya farantin tagulla, ba ta shan irin man sauran motoci, ya ce ya ga da yawa da aka kashe da man da bai dace ba.

Inda garejin ya gaza shi ne fenti, kuma ya gaza sosai. Na biya kuɗin kankare tsatsa da shafa fentin ƙasa da baƙin fenti hawa biyu, domin ina son aksul ɗin ya fito kamar sabo. Dattijon ba ya ɗaukar wannan a matsayin aiki, sai ya bar wa ƙaramin yaronsa. An kankare da burushin waya da samfefa daidai gwargwado, amma ba a wanke maiƙon da ke kusa da bakin farfela ba, aka kuma fesa a fili cikin ƙurar hunturu, hawa na biyu ya hau kan na farko tun bai bushe ba. Sakamakon shi ne jiki mai kaushi kamar an barbaɗa yashi, kuma kafin wata guda fentin ya fara ɓarewa a inda maiƙon yake. Mafi muni, yaron ya fesa har kan kafar shan iskar da maigidansa ya gama yi mini wa’azi a kanta, sai da na nuna aka sa waya aka buɗe. Duk mai son kyan gani ya karɓi kwankon bayan an warware, ya kai wa masu fentin mota su wanke shi da tina su fesa a ɗaki, sannan ya dawo da shi a ɗaura.

Alkawari ma bai cika ba. An ce mini kwana 10, motar ta yi 24, wani ɓangare saboda rashin wuta a wurin injin matsi, wani kuma saboda duk direban da ya zo da gaggawa sai a ajiye nawa a kama nasa. Ba sa rubuta rasit, saboda haka ni na riƙa rubuta kowane abu da aka saya a littafina ina karanta masa. A wajen ɗaurawa sun so mayar da tsofaffin ƙarafan nan masu siffar ƙugiya da ke ɗaure aksul da sifirin, duk da zarensu ya ci, sai da na dage aka sayo sababbi tare da kusar tsakiyar sifirin. Ranar karɓa kuma na tarar birki yana nutsewa, domin ba a gama fitar da iska daga bututun ba bayan an sa sabon shu, aka gyara a cikin rabin awa, amma bai kamata a ce mai mota ne ya gano hakan a bakin titi ba. Kuɗin aikin hannunsa ya kusan ninka abin da wasu garejin biyu suka nema, bai kuma rage ko sisi ba.

Gwajin farko mun yi shi ne ba kaya a hanyar Katsina har Bichi, ya sa na tsaya sau biyu yana ɗora tafin hannu a kan tulun don jin zafinsa, ya ce muddin hannu zai iya daurewa na ɗan lokaci to saitin bai matse ba. Ya hana ni ɗaukar kaya mai nauyi sai an yi kilomita 800 an zubar da man farko, ya kuma ce na dawo bayan lodin farko a sake ɗaure notocin sifirin, domin sababbi sukan saki. Na koma, ya ɗaure, bai karɓi komai ba, man da aka zubar kuma ya fito da ɗan laushin garin ƙarfe kawai a jikin noti, babu ɓarɓashi. Yanzu wata biyar ke nan, motar tana zuwa Dawanau sau biyu a mako da buhu goma, ba ashirin ba, dirom ɗin birkin hagu a bushe yake, kuma a kilomita 80 abin da nake ji daga baya ƙarar bodi ce kawai. Fentin kuwa na bar shi sai bayan damina, na riga na yi magana da wani mai fesawa a unguwarmu.